Makin Baba Birki

Baba Birki ya juya takardar baya, ya sake juyo ta gaba, ya ɗaga ta sama ya haska ta da rana, amma lambar ba ta fito ba. Sauran direbobi biyar na kamfanin robobi kowa da tasa lambar ɓaro-ɓaro cikin wani ɗan akwati a saman takarda: tamanin da ɗaya, saba'in, sittin da shida, hamsin da bakwai, talatin da tara. Akwatin Baba Birki fayau yake, sai wani jan rubutu na Turanci da ya gitta ta ƙarƙashinsa.

Maganar kuwa ba ta wasa ba ce. Kamfani ya sayar da bas biyu cikin shida masu ɗaukar ma'aikata, saboda haka direba huɗu za a riƙe, biyu su tafi gida. Don kada a ce manaja ya yi son kai, sai aka ɗauko wani ofishi mai gwada halin mutane da natsuwarsu, aka ce maki ne zai raba gardama. Ƙarfe huɗu na yamma za a kai wa manaja jerin sunaye. Yanzu goma ta gota.

Kafin a ce kwabo gareji ya cika da masana. Bakanike ya ce ai Baba wuce ma'aunin ya yi, shi ya sa injin ya rasa lambar da zai ba shi. Mai gadi ya ce tawada ce ta ƙare. Mai talatin da tara ya ce sifili ne, an dai ji nauyin furfurarsa ne aka ƙi rubutawa, kuma shi kam ya ji daɗi da ya sami abokin tafiya gida. Gajere, wanda ya fi kowa tsawo a garejin, shi ne mai hamsin da bakwai, kuma shekara goma sha tara suna cin abincin rana tare da Baba a inuwar bas ɗaya. Ya karɓi takardar ya duba ta a juye.

"Kai da ba ka taɓa wuce arba'in a kan titi ba, ina za ka wuce ɗari a takarda? Makin naka yana hanya, tsoho. Yana tafe yana taka birki, kamar mai shi."

Aka yi dariya, har da Baba, amma tasa ba ta wuce leɓe ba. Ya fizge takardarsa ya nufi ofishin ma'aikata.

Akawun ofishin mijin babbar 'yarsa ne. Yana ganin surukinsa a bakin ƙofa ya miƙe, ya zagayo tebur, ya rusuna, ya jero gaisuwa idonsa na kan takalmin Baba, shi kuma Baba yana amsawa idonsa na kan kalandar bango. Da aka zo kan jan rubutun, akawu ya karanta shi sau biyu a zuci, sannan ya gaya wa takalmin cewa an rubuta ba za a iya fassara wannan sakamako ba, mai shi ya tuntuɓi ofishin gwajin. Ya ce ya riga ya buga musu waya, sun ce ba sa magana da kowa sai mai takarda. Ya kuma ce, da murya can ƙasa, jerin sunayen da lamba ake shiga, wanda ba shi da lamba babu gurbin da za a sa shi.

Baba ya tambayi kalanda ko faɗuwa ya yi. Akawu ya ce a'a, ba a ce ya faɗi ba. Ya ce to ci ya yi? Akawu ya ce shi ma ba a ce ba.

Motar haya biyu ya shiga. Direban ta farko yaro ne mai hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya a waya, Baba ya yi ta taka birkin da babu shi a ƙarƙashin kujerar fasinja yana tambayar kansa maki nawa wannan zai ci. Ta biyu ta maƙale a cunkoso kusa da gada kusan awa guda. Sha biyu da rabi ya isa, hawa na uku a saman wani kantin magani, aka ce mai gwajin ta fita, ya zauna ya jira. Ya yi azahar a baranda, ya dawo ya ci gaba da kallon agogo. Sai ɗaya da rabi ta gota ta shigo, mace sa'ar 'yarsa, da tabarau da tarin fayil a hammata.

Ya kira ta Likita, ta ce ita ba likita ba ce. Ya ce Malama, ta ce ya yi. Ta buga lambar takardarsa a kwamfuta, ta daɗe tana kallon allon, sannan ta cire tabarau ta fara bayani a hankali, irin na mai neman inda zai taka. Ta ce cikin tambayoyi ɗari da ashirin ɗin nan akwai goma sha biyar da aka ɓoye, ba don auna tuƙi ko natsuwa ba, don kama mai son gyara kansa a idon masu gwaji. Abubuwa ne da kowane ɗan Adam ya taɓa yi. Wanda ya musa uku ko huɗu, ba komai. Shi goma sha huɗu ya musa. To in aka kai nan, gwajin ya daina yarda da sauran amsoshin duka, sai ya ƙi ba da maki.

Baba ya jujjuya maganar a ransa. Da ta zauna masa, sai ya ji kunnuwansa sun ɗauki zafi.

"Wato injin cewa ya yi ƙarya nake yi."

"Bai ce haka ba, Baba. Cewa ya yi bai san ko gaskiya ka faɗa ba."

"'Yata, a wurinmu duk ɗaya ne."

Ta juyo masa da allon, ta fara karantowa tana fassarawa. Ka taɓa jin gajiya har ka so ka ƙi zuwa aiki? Ya ce a'a. Ka taɓa maganar wani a bayan idonsa? A'a. Ka taɓa faɗin abin da ba haka ba don ka fita kunya? A'a. Ka taɓa fushi da iyalinka har ka ɗaga murya? A'a. Ta dube shi ta saman tabarau ta ce shekara nawa da aurensa. Ya ce talatin da huɗu. Ta ce kuma ko sau ɗaya? Ya sosa ƙeya, ya ce ai ba a rasa ba.

"To me ya sa ka danna a'a?"

"Ni ban danna komai ba. Shi ya danna."

"Shi wa?"

Sai ya ba ta labari. Ranar gwajin an jera su a ɗakin taro, kowa da kwamfuta, tambayoyin da Turanci. Uku daga cikinsu suna iya karantawa. Sauran uku aka ba kowa mai karanta masa, ya fassara, ya danna abin da aka ce. Akawu kuwa, don ya kyauta, ya ce shi zai zauna da Baba, kada a haɗa shi da wanda zai yi masa gaggawa.

Malama ta ce ba ta ga matsala a nan ba. Baba ya dube ta kamar ta ce rana daga yamma take fitowa.

"Mijin 'yata ne fa. Yaron nan yana zufa, yana tambayata ko na taɓa yi wa uwar matarsa tsawa. Ya tambaye ni ko na taɓa kuka ni kaɗai. Ni in ce masa me? Tun kafin ya gama tambayar nake cewa a'a don in sauwaƙe masa, shi kuma tun kafin in rufe baki ya danna. Minti goma sha biyu muka gama. Har yabonmu aka yi."

Malama ta jawo wani littafi mai kauri daga cikin kabad, ta buɗe gaba, ta buɗe baya, ta bi da yatsa, ta rufe. Ta ce littafin ya yi maganar mai ƙarya, ya yi maganar mai danne-danne ba tare da ya karanta ba, amma bai san suruki ba. Waɗanda aka gina gwajin a kansu kowa shi kaɗai ya zauna da allo, da yarensa, babu mai kallonsa. Ita ba ta je ɗakin taron ba, wani ma'aikacinsu aka tura, bai kuma rubuta cewa an yi wa kowa karatu ba. Ta tambaya wa ya karanta wa sauran biyun. Baba ya ce mai talatin da tara wani abokin gabarsa ne ya karanta masa, Gajere kuma masinja, wanda Turancin nasa bai fi na Gajeren da komai ba. Malama ta dafe goshi.

Biyu da kwata. Ta ce mafita ɗaya ce, ya sake gwajin yanzu, ita za ta karanta masa. Baba ya dube ta, ya dubi ƙasa, ya ce ai ita ma 'ya ce. Can ta tashi, ta manna koriyar takarda a kan madanni ɗaya, ja a kan ɗaya, ta ce kore shi ne e, ja shi ne a'a. Ta ja kujerarta ta juya masa baya, fuskarta ga taga, ta buɗe littafin tambayoyi ta fara karanta wa titi.

Da farko yatsansa ja yake nufa da kansa, sai ya janyo shi. Daga tambaya ta ashirin abin ya sake. Gajiya, kore. Gulma, kore, ai Gajere shaida ne. Tsawa, kore. Wasu tambayoyin kuwa ko kansu bai gane ba. Ko ya fi son biki mai hayaniya a kan zama da littafi? Ba ya son ko ɗaya. Ko yakan ji kamar wani yana bin sa a baya? Kullum, ai aikin madubi ke nan, amma ya ji a jikinsa ba wannan ake nufi ba, ya danna ja, sannan ya zauna yana tunanin ko wannan ma ƙarya ce. Ko yana son yin kasada? Ya tuna ranar da birki ya tsinke masa a gangare da mutum sittin a mota, ya hau da ita kan tarin yashi da gangan. Kasada ce, amma ba so ya yi ba. Ya runtse ido ya danna, bai ma ga wanne ba.

Uku da 'yan mintoci injin ya tofo takarda. A cikin akwati, hamsin da takwas.

Baba ya lissafa a zuci. Ya wuce Gajere da ɗaya. Shi ne na huɗu.

Ya tambaya ko hamsin da takwas cikin ɗari ya ci. Ta ce a'a, ma'anarsa in an jera direba ɗari, ya fi hamsin da takwas daga cikinsu. Ya ce waɗanne direbobi? Ta ce na wata ƙasa, shekarun baya. Ya ce sun san shi ne? Ta ce ba su san shi ba. Ta ƙara da cewa in ya sake gwajin gobe yana iya samun hamsin da biyu, yana iya samun sittin da huɗu, don ma'aunin yana rawa da kamar shida sama ko ƙasa. Saboda haka hamsin da takwas da hamsin da bakwai abu ɗaya ne, babu mai ilimin da zai sallami mutum a kan wannan tazarar.

"To na fi shi ko ban fi shi ba?"

"Takardar ta ce ka fi shi. Ni na ce takardar ba ta sani ba."

Ta zauna ta buga wasiƙa zuwa ga manaja cikin sauri. Ta gaya masa abin da ke ciki: makin duk waɗanda aka karanta wa ba abin dogaro ba ne, tsakanin na huɗu da na biyar babu bambanci, kamfani ya nemi wata hanyar zaɓe tsakaninsu. Ta sa hannu, ta haɗa da sakamakon a ambulan ɗaya, ba ta manne ba. Ta ce ita ma za ta bi da waya gobe in shugabanta ya yarda, don shi ya sayar wa kamfanin gwajin, ba kuma lalle ya so maganar ba.

Babur ya hau wannan karon, shi da ya rantse ba zai ƙara hawa ba. Huɗu saura minti goma ya shiga ofishin ma'aikata yana haki. Akawu ya rusuna, ya karɓi ambulan da hannu biyu, ya zaro takardar farko. Ya rubuta hamsin da takwas a jerin, a saman sunan Gajere, cike da murna. Sannan ya zaro ta biyu. Ya karanta ta har ƙasa, ya koma sama. Agogon bango yana ta aikinsa. Baba ya san shekarunsa sun fi na Gajere da tara, ya kuma san in aka ce manaja ya zaɓa da ido, ba furfura zai zaɓa ba. Akawu ma ya sani.

Akawu ya ninke wasiƙar biyu, ya ajiye ta a bakin tebur, ta ɓangaren da Baba yake tsaye. Ya ɗauki jerin sunayen ya juya baya yana neman wani abu a cikin kabad, ya daɗe yana nema.

Baba ya dubi kalanda. Ya dubi ƙeyar surukinsa. Ya sa hannu ya ɗauki wasiƙar, da niyyar ya ce a haɗa da ita, har ya gyara murya. Sai ya ji ta a aljihun rigarsa.

A gareji Gajere yana goge gilashin bas ɗinsa, ba ya ko buƙatar taka taya. Ya hango Baba ya jefa tsumman a kafaɗa.

"Tsoho, makin ya iso? Me suka ce?"

Baba Birki ya dafa aljihunsa, ya tsaya yana kallon abokinsa daga ƙasa.

"Wallahi, Gajere, ban gane ba."