Mayen Ƙarfen Baba

Babana, Malam Shu'ibu maƙeri, bai yarda akwai ƙarfen da ke motsi ba wuta ba masaba ba. Ni kuwa, Mardiyya, a kan irin wannan ƙarfen na ƙare karatuna a jami'a, don haka kullum cikin musu muke.

Ɗan sili ne kamar tsinken tsire, gamin nikel da manganis da galiyam. In ka lanƙwasa shi, haka zai zauna. Da ya ji ƙarfin maganaɗisu sai ƙwayoyin cikinsa su sake jeri, ya koma yadda yake. Da shi na haɗa marufin da zai riƙa buɗe wa ruwa hanya a gonakin shinkafar Auyo, amma sai maƙeran Haɗeja sun ƙera mini gidan da zai zauna. Su kuma ba sa taɓa aikin da Baba bai sa wa hannu ba. In ya ƙi, aikina ya mutu, sai in tattara in koma Kano.

Ranar da Baba ya tara maƙeran a maƙerarsa don su gani, daga Auyo na taho a kwalekwale. Muka maƙale a cikin ciyawar kacala, jirgin ya karkata, na'urar da ke ba silin maganaɗisu ta sha ruwa ta ƙoshi. Na iso zani a jiƙe, na lanƙwasa silin a gabansu, na danna makunni. Shiru. Na sake dannawa har yatsana ya yi zafi.

"Ko a hura masa zugazugi, 'yata?" in ji Kawu Safiyanu, ƙanen Baba. Aka yi dariya. Wallahi ji na yi kamar in nutse, ga haushi ya cika ni.

Baba bai yi dariya ba, kuma hakan ya fi ciwo. Ya ɗauki silin da awartaki ya aza a kan uwar maƙera.

"Bari mu fara ganin ko ma ƙarfe ne," ya ce.

Al'adarsa ce. Duk ƙarfen da ya shigo maƙerar nan, ko murfin tukunya ne, sai ya gwada shi da mayen ƙarfensa kafin ya yi magana a kansa. Wasu maganaɗisu biyu ne masu ƙarfin tsiya da ya ciro daga mataccen inji, ya ɗaure a bakin tsohon awartaki. Ni da digirina, sam na manta da su.

Ya kawo su kusa, silin ya shiga tsakaninsu. A gaban idon kowa abin nan ya miƙe sambal.

Baba ya ja da baya. Ya lanƙwasa shi da yatsunsa, ya sake kawo mayen. Silin ya miƙe. Ya sake, ya kuma sakewa, dattijo guda yana wasa kamar an ba shi sabon keke.

"Yaya, ba mu mu gwada mana," Kawu Safiyanu ya ce.

"Ka je ka hura zugazugin da ka ce."

Daɗi ya kama ni har hawaye suka zubo, ban ko share ba. Baba ya share toka daga kan buzun da yake zama, wanda ko yayyena maza ba su taɓa hawa ba, ya tura mini shi da ƙafa.

"Zauna, maƙeriya," ya ce. "Faɗa mana girman gidan da kike so."