Baikon Malam Gershon

Duk Kafanchan an san cewa in kana son ganin fushin Malam Gershon ba sai ka zage shi ba, ɗora yatsa kawai a kan jitarsa. Malamin lissafi ne a wata sakandare da ke hanyar Kagoro, mutum mai sanyin hali, ɗalibai na cin gyaɗa a ajinsa yana kallo ba ya cewa uffan. Amma fa ban da jitar nan. Bes ce, wato jita mai kaurin murya, mai tsirkiya huɗu, ƙirar Fenda, baƙa wuluk, ya samo ta a wajen wani mai kayan gwanjo a Jos shekara tara da suka wuce. Kuskura ka ce masa ai jita jita ce, yanzun nan zai zaunar da kai ya yi maka wa'azi, wai sauran duk ƙara suke yi, Fenda ce kaɗai take magana.

Matarsa Bernice tuni ta sallama. Takan ce ko ranar bikinsu ba a goge ta ba kamar yadda ake goge icen nan kowace Asabar.

A coci shi ne mai kaɗa bes, kuma in ya taɓa tsirkiyar nan har a ƙirji kake ji, wannan kam ba a raina masa. Sai dai da ita yake zuwa, da ita yake komawa. Ko bayan gida zai zaga, tana rataye a kafaɗarsa. Patrick mai walda, wanda ke riƙe masa wuri in ba ya nan, shekara tara yana fama da tsohuwar bes ɗin coci mai tsirkiya uku, bai taɓa samun ko shafa Fenda ba.

Sai ga Lahadin godiyar kaka. Al'adar cocin ba ɓoyayya ba ce: ana kiran iyali ɗaya bayan ɗaya, su taso da rawa su kawo abin da gona ta ba su, kuma duk abin da aka ajiye a gaban bagade ranar nan ya zama na Ubangiji, har da mazubin. Shi ya sa mata masu wayo ke zuwa da tsohon daro.

Gershon na tsakiyar kiɗa aka kira gidansa. Ya duba hagu, ga Patrick ya miƙo hannu yana murmushi. Ina! Ya zare wayar lasifika daga jikin jitar, ya bi bayan Bernice da buhunta na citta, yana rawa da jita a wuya. Da suka isa gaba aka ce a durƙusa a yi addu'a. To, akuyar da iyalin farko suka kawo ta riga ta jiƙa wurin sharkaf da fitsari, ga kan jitar yana neman ƙasa. Ba tare da wani tunani ba ya cire ta, ya kwantar da ita a hankali a kan buhun citta, ya rufe ido.

Da ya buɗe, Fasto Yafet na tsaye a kansa, hawaye na bin kumatunsa.

"Ikilisiya, ku ɗaga ido ku gani," in ji Fasto. "Wasunku sun zaɓo doyar da ta fara ruɓewa. Ga mutum ya kawo abin da ya fi so a duniya."

Coci ta ɗauka. 'Yan zumuntar mata suka saki guɗa, mai ganga ya ƙara wuta. Gershon ya ɗaga hannu zai yi bayani, Fasto ya kama hannun ya ƙara ɗaga shi sama. Yana gani dattawa biyu suka ɗauki Fenda kamar jaririya suka shige da ita ɗakin ajiya.

Bayan sujada ya nufi ofishin Fasto, ya shirya maganarsa tsaf: kuskure ne, fitsarin akuya ne ya jawo. A hanya wata tsohuwa ta tare shi ta riƙe hannunsa biyu tana sa masa albarka. A bakin ƙofa kuma Fasto ya rungume shi.

"Malam, ka san abin da ka yi? Mutum bakwai sun koma gida sun ƙaro baiko saboda kunya. Akwai wanda ya dawo da rago. Me ke tafe da kai?"

"Na zo gaisuwa ne, Fasto," in ji Gershon.

A gida Bernice ta ajiye masa tuwo, ta zauna tana kallonsa. Ita kaɗai ta lura da ɓarnar akuyar.

"Baban Faustina, ka koma ka faɗa musu gaskiya mana."

"In ce me? In ce Ubangiji ya maido mini kayana?"

"To ci abinci."

Bai ci ba. Ya yi ta kallon ƙusar bango inda ya saba rataye ta. Da abu ɗaya ya lallashi kansa: ai har yanzu shi ne mai bes na coci. Ko ta bar gidansa, duk Lahadi tana hannunsa. Sati biyu ya yi a haka, yana zuwa tun kafin mai shara, ya karɓo ta a ɗakin ajiya, ya goge, ya kaɗa, ya mayar.

A sati na uku aka yi zaɓen dattawan ikilisiya. Gershon bai nema ba, ba a ma tambaye shi ba. Wa zai ƙi mutumin da ya ba da Fenda? Hannu kowa ya ɗaga, har da Patrick, nasa ma ya fi na kowa tsawo. Dattijo kuwa a cocin nan wurin zamansa daban ne, kujera mai hannu kusa da Fasto, yana fuskantar jama'a. Ba a taɓa ganin dattijo a cikin makaɗa yana girgiza kafaɗa ba, kuma ba a kan Gershon za a fara ba.

Lahadin da aka naɗa shi, kafin waƙar farko, Patrick ya zo gabansa da jitar a wuya, ya durƙusa.

"Baba, Fasto ya ce kai za ka miƙa mini aikin. Ka yi mini addu'a."

Jama'a suka sunkuyar da kai. Gershon ya miƙa hannu zai dafa kan Patrick, hannun ya zarce ya sauka a wuyan jitar. Ya fara addu'a. Ya roƙa wa ikilisiya, ya roƙa wa marasa lafiya, ya roƙa wa matafiya a hanyar Kaduna, ya dawo kan manoman citta ƙauye ƙauye. Patrick ya fara mutsu-mutsu a durƙushe. Sau uku Fasto Yafet yana cewa amin da ƙarfi, Gershon bai saki ba. A na huɗun sai da Fasto ya taso da kansa, ya ɓamɓare masa yatsun ɗaya bayan ɗaya.