Sunan da Inna Take Kiransa

Kwana goma sha tara da rasuwar Yaya Aƙilu, Malam Muttaka ya zo gidanmu a Fulatan. Shi ne shugabansu a ƙungiyar da take raba wa manoma iri. Ya yi gaisuwa a zaure, ya daɗe yana addu'a, sannan ya sunkuyar da kai ya ce kwamfutar da take hannun marigayi ta ofis ce.

"Ba gaggawa nake muku ba, Ikrama," in ji shi. "Amma ranar Alhamis za a ba wanda ya maye gurbinsa, kuma sai an wanke ta tas. In akwai abinku a ciki, ku kwashe."

Na ce to. A kwanakin nan komai aka faɗa min, to nake cewa.

Akwai abinmu a ciki. Wayar Yaya ta murƙushe tare da babur ɗinsa a hanyar Rogo. Duk hoton da ya taɓa ɗauka, a kwamfutar yake zubawa, har da bidiyon da yake ɗaga 'yarsa Ummu Hani yana mata waƙa. Watanta goma sha huɗu. Matarsa Mashkura tana ɗaki tana takaba, kuma hotonsa ɗaya ne a hannunta, na katin zaɓe, wanda ko kama da shi bai yi ba.

Ni a aji huɗu na bar firamare, allo na fi daɗewa a kai. Ranar da Yaya ya kawo kwamfutar bara, ya zaunar da ni a gindin darbejiya ya ce, "Ka ɗauke ta kamar gida. Kowa da akawunt ɗinsa, wato ɗakinsa. Wannan nawa ne, na maigida. Bari na yanka maka naka." Ya rubuta sunana, ya ce na faɗi lambar sirri. Na ce masara. Ya yi dariya har da buga cinya, ya ce ko akuyar Inna za ta canki wannan. Amma ya saka min ita a haka. Ya ce a ɗakina zan iya kallon ƙwallo da jin karatu, sai dai ba zan iya saka komai ko cire komai ba sai da izininsa. Ban taɓa gwada leƙa nasa ba.

Da Malam Muttaka ya tafi, na ɗauko ta na kunna. Sunaye biyu suka fito kamar kullum, nasa a sama, nawa a ƙasa. Na danna nasa. Na rubuta Ummu Hani, ta ƙi. Sai wani ɗan rubutu ya bayyana a ƙasan wajen, irin wanda mutum yake ajiyewa don ya tuna in ya manta. Karatuna a hankali ne, sai da na bi shi sau uku.

Sunan da Inna take kirana.

Na zauna ina kallonsa. Yaya ɗan fari ne. Tun da na buɗe ido ban taɓa jin Inna ta kira shi da wani suna ba. In tana nemansa sai ta ce da ni, "Kira wancan." In ya gaishe ta, kai take kawarwa ta amsa wa bango. Ranar da aka kawo gawarsa ba ta yi kuka a gaban kowa ba, ta ci gaba da tsince wakenta, mata suna ta yaba mata.

Na gwada wancan. Na gwada yayanku. Na gwada kai, da yaro, da mai babur. Na je ƙofar Mashkura na tsuguna a bayan labule na karanta mata.

"Inna kuma?" ta ce. "Ai ko ruwa ba ta miƙa wa Abban Ummu da hannunta."

"Bai taɓa faɗa miki ba?"

"Wasa yake, Ikrama. Ka san shi."

Muryarta ba ta hau ba, ba ta sauka ba. Ni ma haka tawa take.

Ranar Talata na ɗaure kwamfutar a cikin ɗankwali na hau mota zuwa Ƙaraye, wajen Sulle mai gyaran waya. Abokin Yaya ne tun suna sakandare. Ya juya ta, ya danna nan da can, ya yi tsaki.

"Wannan 'yan ofis sun kulle ta tun daga hanji. Ko na farke ta na ciro cikin, ba zai karantu ba. Wankewa kawai zan iya, ita kuma ba ita ta kawo ka ba."

"Ba wata dabara, Yaya Sulle?"

"Dabara tana gidanku tana daka. Kai ma da wauta, ka baro mukulli a tsakar gida ka taho Ƙaraye neman guduma." Ya sake karanta rubutun, ya girgiza kai. "Aƙilu ke nan. Ko a aji haka yake, malami ya tambaye shi ɗaya, shi ya mayar masa da uku."

Ya yi 'yar dariya. Ya ciro wani ƙaramin filashi daga aljihu, ya nuna min yadda zan ja hotuna na zuba a ciki in ta buɗe, ya sa na maimaita sau biyu. Na dawo gida da la'asar. Ban ji haushi ba, ban ji komai ba. Na tuna dai an yi ruwa a hanya, kuma na rufe kwamfutar da rigata.

Laraba da hantsi na sami Inna a bayan rumbu tana ɓarar gyaɗa. Na gaishe ta, na zauna nesa kaɗan, na ɗebi gyaɗar ina taya ta. Sai da muka cika rabin ƙwarya sannan na yi magana. Na faɗa mata zancen Alhamis, da hotuna, da cewa Ummu Hani za ta girma ba ta san fuskar ubanta ba. Daga ƙarshe na faɗa mata abin da aka rubuta.

Hannunta bai tsaya ba.

"Wa ya rubuta haka?"

"Shi."

"Kowa ya kunna zai gani?"

"Zai ga tambayar. Ba zai ga amsar ba."

Ta ɓare guda uku ko huɗu. "Marar kunya," ta ce a hankali. Wannan ne karo na farko da na ji ta yi zancensa tun da aka kai shi. Sannan ta ce, "Ni ban san wani suna ba. Tashi ka ba awaki ruwa."

Na tashi na ba awaki ruwa.

Alhamis ta zo. Na kai kwamfutar shagon mai sola ta sha caji, na dawo na goge ta da tsumma, na naɗe wayar cajin. Na sa ta a zaure ina jiran ƙarar babur ɗin Malam Muttaka. Ummu Hani ta fito da rarrafe daga ɗakin uwarta, ta dafa turmi ta miƙe, tana kiran wani abu da ba magana ba. Inna tana kallonta daga bakin madafa.

"Ikrama."

"Na'am, Inna."

"Ɗauko abin nan ka zo."

Ta wuce bayan rumbu, na bi ta. Ta duba hagu da dama. Ta durƙusa, ta share ƙasa da tafin hannu, ruwan shekaranjiya ya sa ta yi laushi. Inna ta yi allo a gidan mahaifinta, amma ban taɓa ganin ta yi rubutu ba. Da ɗan yatsa ta rubuta, da ajami, baƙi huɗu, ta sa musu wasali ɗaya bayan ɗaya.

"Ka karanta?"

"Na karanta."

"A ranka."

Ta miƙe ta murje wajen da ƙafa har ya koma kamar ba a taɓa shi ba.

Ba sunan da na taɓa ji a gidanmu ba ne. Irin wanda ake faɗa wa jariri ne a kunne in ba kowa a ɗaki. Na juya shi zuwa boko a kaina, na nemi haruffan ɗaya-ɗaya da yatsa. Na danna. Wani ɗan zobe ya yi ta juyawa, sannan ɗakin Yaya ya buɗe.

Na soka filashin, na yi yadda Sulle ya koya min. Hotuna ɗari shida da wani abu. Wani koren layi ya fara tafiya a hankali, ni kuma na zauna a ƙasa ina kallonsa. Da ya kai ƙarshe na danna bidiyo ɗaya don na tabbata ya shiga. Muryar Yaya ta fito, yana waƙar nan tasa marar kai, Ummu Hani tana ƙyalƙyala dariya.

Inna ta riga ta koma kan gyaɗarta, ta ba ni baya. Ba ta juyo ba. Amma ban ji ƙarar ɓawo ba har waƙar ta ƙare.

Daga waje babur ya tsaya, aka yi sallama. Na zare filashin na sa a aljihun gaba, na rufe kwamfutar.

"In sun wanke," Inna ta ce, ba ta dube ni ba, "har da wancan sunan zai fita?"

"Har da shi, Inna."

"To."

Ta jawo ƙwaryar gabanta. Na ɗauki kwamfutar na nufi zaure.