Igiya Uku a Juye

"Mayar da shi baya," in ji Saje. "Daidai inda ya zura hannu ta tagar motar."

Tela ya mayar da fim ɗin baya a wayarsa. Kwana tara ke nan yana kauce wa ɗakin nan da Saje ke jinya, alhali katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu shekara ashirin da biyu. Ɗazu da matar Saje ta leƙo shago ta ce maigidan na nemansa, kuma ya taho da fim ɗin, sai da ya soke yatsansa da allura.

Wasu matasa ne suka haɗa fim ɗin da ƙarfin kansu, labarin wani sajan 'yan sanda mai sakin masu kisa in an cika masa aljihu. Tela ne ya ɗinka musu kakin. Don yankan ya fita daidai, ya aro tsohuwar rigar Saje da hularsa, ya ce fim ne na 'yan sanda, ya haɗiye sauran bayanin. Matasan kuwa suka ga hula ta yi kyau, suka kifa wa mugun a ka.

Unguwa ta ɗauka. A shagon mai aski saura kaɗan a ba hammata iska, wasu na cewa an faɗi gaskiya, wasu na cewa an yi wa masu kaki kuɗin goro. Mai gyaran waya ya kalla sau huɗu, ya rantse ya gane hular, har da ƙunar guga a gefenta. Daga nan raɗe-raɗi suka fara, a kan mutumin da ya yi ritaya da keke ɗaya da ciwon ƙirji. Abin da ke cin Tela a rai shi ne kada Saje ya tafi da shi a zuciya.

"Tsaya nan."

Saje ya jawo wayar har kusa da hancinsa. Ƙirjinsa ya fara motsi. Tela ya zabura zai ɗauko ruwa, ya zaci tari ne, ashe dariya ce.

"Haba maƙwabci! Shekara nawa kana taka keken ɗinki? Igiyoyin sajan da ka ɗinka masa a hannu ai a juye suke! Da a gabana ya fito fareti haka, da ya yini yana tsallen kwaɗo."

"Yallaɓai, ba wannan ne ya hana ni sakat ba. Hular..."

"Tawa ce, ina da ido. Ta ma fi zama a kansa." Ya huta, ya lashi leɓe. "Na yi aiki da irinsa, teburinmu ɗaya. Ban taɓa karɓa ba, amma ban taɓa buɗe baki ba. Yaran nan sun faɗi abin da na riƙe shekara talatin. In hulata ta je wajen, to ta je a madadina."

Hawaye ya ƙwace wa Tela, bai ko ji kunya ba. "Ka yafe mini."

"Hular na yafe. Igiyar ce ban yafe ba." Ya sa matarsa ta ɗauko rigar daga jikin ƙusa. Igiyoyin hannun hagu sun warware, suna lilo. "Je ka gyara, ka kawo gobe, mu ga ko ka koya."

Washegari da hantsi, Tela ya zura zare ke nan ya ji kukan matar ta kan katanga.

Mai gyaran waya ne a gaba wajen ɗaukar gawar, kansa a sunkuye. Mai aski ma bai buɗe shago ba ranar.

Da aka watse, Tela ya koma shago ya ture keken gefe. Da hannu ya yi ɗinkin, ƙanana ƙanana, sau uku yana tsayawa ya gwada da na hannun dama. Ya goge rigar, ya kai ta ɗakin. An riga an naɗe katifar. Ya rataye ta a ƙusarta, ƙarƙashin hular, ya juyo hannun hagu yadda zai kalli gado.