Allon Madam Zahra'u

Shekaru Mushe Illiya, wato Malam Illiya, ya yi yana koyar da Ingilishi a wata lise, sakandare mai zaman kanta a Agadas, kuma ajin ƙarshe, tarminal, na masu zana jarrabawar bak, nasa ne tun fil azal. Sai ga Zahra'u ta dawo daga karatu a Kumasi da takardarta. Ba a jima ba shugaban makaranta ya ce baɗi ajin na wanda mai duba malamai ya fi yabawa ne.

Littattafai ba sa isa, saboda haka malami kan rubuta darasinsa a allo tun kafin lokacinsa, ya sa "À ne pas effacer", wato kada a goge, a kusurwa. Allon da aka yi wa wannan alama ba a taɓa shi, ko na maƙiyinka ne.

Ranar Talata Illiya ya shiga tarminal, ajin da bana suke karɓa-karɓa da Zahra'u, ya tarar ta cinye allon, ta sa masa alamar, ta bar masa abin da bai fi faɗin tafin hannu ba. Jimlolin sharaɗi ta kasa gida uku: abin da zai iya faruwa, wanda da wuya ya faru, da wanda ya riga ya kuɓuce. Kowane gida da launin allinsa. Misalanta ba na Landan ba ne: in mota ta isa Dirku, da an yi ruwa a Iferwan. Gefe guda ta ware jimlolin da ke zama cikon aikatau, don kada yara su cakuɗa su da na sharaɗi.

Ya karanta har ƙasa yana neman kuskure. Bai samu ba.

Yana riƙe da tsumman goge allo aka yi sallama. Mai dubawa ne daga Yamai, ya ce jirginsa na azahar ne, ba zai iya jiran darasin Madam ba. Ya zauna a bencin baya, ya ɗaga kai.

"Mushe, wa ya koya maka wannan tsari?"

Ɗalibai suka zuba wa Illiya ido. Ya ajiye tsumman.

"Daɗewa a aiki ce, ranka ya daɗe."

Ya koyar da darasin gida bayan gida, bai tsallake ko layi ba. Bai taɓa ganin ajin ya gane abu da sauri haka ba, wannan kuwa ya fi komai ƙona masa rai. Baƙon ya ɗauki hoton allon da wayarsa, ya ce zai nuna wa malaman Zindar.

Bayan mako biyu shugaba ya kira Illiya da Zahra'u ofis, ya karanta musu yabon da mai dubawa ya rubuto, ya ce tarminal na nan hannun Mushe Illiya. Illiya ya dafe kujera yana jiran ta tona. Zahra'u ta gyara mayafi ta ce Allah ya sanya alheri.

A baranda ya tare ta.

"Madam, me ya hana ki magana?"

"In ce me, Mushe? Yaran sun san hannuna."

"To je ki faɗa masa."

"Kai ne babba, kai za ka faɗa." Ta dube shi. "Baƙon ya ce zai dawo ganin darasi na gaba, ko? In rubuta maka, ko za ka gwada da kanka?"

Ta wuce ajinta na ƙanana. Illiya ya shiga tarminal, ya ɗauki alli, ya juya wa ɗalibai baya. Daga can ƙarshen aji wata ta ɗaga hannu.

"Mushe, yau Madam ba ta zo ba ne?"

"Ku buɗe kayenku na rubutu," in ji shi, bai juyo ba.