Kujerar Suruki

Hashim ya buɗe ƙofar gaba da hannu biyu, ya rusuna, yana jiran surukinsa ya shiga. Malam Tambari kuwa bai ga abin sauri ba. Sai da ya zagaya motar yana ƙwanƙwasa jikinta da sandarsa kamar mai zaɓen kankana, sannan ya tsaya ya ƙura wa fitilunta ido.

"To, wagga ita ta motar?"

"Ita ta, Baba."

"Ta girme ka."

"Ta girme ni, Baba. Ai shi na darajatta."

Tsohon ya tattara babbar rigarsa ya shiga.

Tun ranar da Hashim ya ji a rediyo wai an sassauta doka, kowa na iya shigo da motarsa daga waje da kansa, sabuwa ko tsohuwa irin ta tarihi, ba sai ya bi ta hannun dillalai ba, hankalinsa ya bar jikinsa. Abokan aikinsa a ofis suna ta leƙen sababbi a waya, shi kuwa bawan Allah ya ƙyalla ido ya hango wata tsohuwa koriya mai dogon hanci, tana tsaye cikin ƙanƙara a wata ƙasa can ƙarshen duniya. Da ta iso Sakkwato a bayan tirela sai aka ga ba ta da wurin kwana, don bakin titin unguwarsu ta Gidan Igwai ba wurin ajiye kayan tarihi ba ne. Matarsa Wasila ta tafi makarantar da take koyarwa da safe ta bar ɗakin girkinta lafiya lau. Da ta dawo ta tarar an fasa bangonsa ta waje, mota na ciki, tukwanenta na tsakar gida a jere. Ta goya 'yarsu Muhsina, ta tare keke napep, sai gidan ubanta a Kwalkwalawa.

Hashim ya aika kawunsa biko, ya aika limamin unguwa, duka suka dawo da amsa ɗaya: ya zo da kansa, ya zo da motar. Yau da ya zo, Malam Tambari ya ce a kai shi Gidan Igwai ya ga ɓarnar da idonsa, a dawo da shi, sannan zai faɗi ko 'yarsa za ta koma ko ba za ta koma ba. Hashim kuwa yana son matarsa, so na gaske, gidan ya yi masa faɗi, kuma taliyar mai shayi ta fita ransa.

Bayan azahar ne, tsakiyar bazara, irin ranar da ko ƙadangare ke neman inuwa. Tun isowarsa bai kashe motar ba, domin in an kashe ta sai an tara majiya ƙarfi sun tura. Na'urar sanyaya ciki kuwa ba ta san da ita ba. Amma akwai wani maɓalli a gefen kujerar baƙo, mai hoton kujera da wasu 'yan layuka suna tashi daga cikinta kamar iska. Hashim bai taɓa taɓa shi ba, ya daɗe yana tanadinsa don babban baƙo. Ya miƙa hannu cikin ladabi ya danna, wata 'yar fitila ja ta kama.

"Don ka ji iska, Baba."

"Madalla."

Sun wuce gonakin albasa na fadama sumul, Hashim har ya fara jin kansa. Daf da gada sai ya ji wani ƙamshi, irin wanda ke tashi a shagon mai wanki in dutsen guga ya daɗe a kan shadda. Ya saci kallon surukinsa. Malam Tambari na zaune ƙyam, idonsa a kan hanya, sai dai ya ɗan karkata ya ɗora nauyinsa a ɓangaren hagu. Can kuma ya mayar da shi dama.

A nan ne hoton motar cikin ƙanƙara ya faɗo wa Hashim a rai. Mutanen da ke kwana cikin ƙanƙara me za su yi da iska a ƙarƙashinsu? Layukan nan ba iska ba ne, turiri ne. Ya ɗora uban matarsa a kan murhu, ya kuma hura da hannunsa.

Ya lallaɓa yatsa ya sake danna maɓallin. Maɓallin ya yi ƙas, ya shige ciki gaba ɗaya, ya bar rami. Fitilar ta ci gaba da ci abinta.

To, akwai maganganu masu nauyi da mutum zai iya daurewa ya faɗa wa surukinsa. Zai iya kai masa labarin rasuwa, zai iya gaya masa an kore shi daga aiki. Amma ba a haifi ɗan mutuncin da zai buɗe baki ya tambayi uban matarsa halin da mazaunansa ke ciki ba. Shi ma dattijo mai furfura, ko za a yanka shi, ba zai ambaci wannan wuri a gaban mijin 'yarsa ba. Saboda haka suka yi shiru su biyu, motar na ta gurnani.

"Hashimu."

"Na'am, Baba."

"Ƙasar da motag ga tah hito, mutanenta suna da lahiya?"

"Lahiya lau, Baba."

"Kuma haka suka zama cikinta kullum?"

"Haka na, Baba."

"Allah mai iko," in ji Malam Tambari, ya ciro carbi.

Kamar da gangan, a shigar gari suka tarar da wani raƙumi ya gurfana a tsakiyar titi da buhunan albasa, ya ce ba inda za shi. 'Yan kabu-kabu na ta kurɗawa, masu keke napep na ta zagi, mai raƙumi na roƙonsa kamar mai roƙon basarake. Hashim ya yafito wata mai tallan ruwan leda ya karɓi mai ƙanƙara, ya miƙa wa surukinsa da hannu biyu. Tsohon ya riƙe ledar ya daɗe yana kallonta, kallo mai ban tausayi. Duk su biyun sun san inda ruwan nan ya fi amfani. A ƙarshe ya yi bisimilla, ya fasa da haƙori, ya shanye.

Da suka isa ƙofar gida, kafin Hashim ya zagayo ya buɗe masa, Malam Tambari ya riga ya dira ƙasa da wani zafin nama da rabonsa da shi tun yana saurayi. Hashim ya shimfiɗa masa tabarma a zaure, ya ce a'a, tsayuwa ta fi masa. A tsaye ya duba ɗakin girkin. Ga baƙin hayaƙin murhun 'yarsa a bango, ga baƙin man mota a ƙasa, ga ludayi ɗaya da aka manta a rataye. Ya duba rufi, ya duba ƙofa, ya sake duba rufi. Bini-bini yana ɗan jan rigarsa ta baya yana kaɗawa, wai ƙura yake kakkaɓewa. Hashim bai taɓa ganin an yi wa ɗaki mai bango uku irin wannan dogon nazari ba.

"Mu koma," in ji tsohon daga bisani, da muryar mai shirin shiga ɗakin tiyata.

Hashim ya yi wuf ya buɗe ƙofar baya. "Baba, ko ka zamna nan? Ya hi hwaɗi, ka miƙe ƙahwa."

Malam Tambari ya dube shi sama da ƙasa. "Kai da ka tuƙi, ka canza wuri?"

"A'a, Baba."

"To ni ma inda niz zamna, nan za ni komawa."

Sai a lokacin Hashim ya gane sauran masifar. Tsohon ya ɗauka duk kujerun motar haka suke, ya ɗauka wuta ɗaya suke sha, kuma ba zai yarda yaron da ya rushe wa 'yarsa murhu ya fi shi juriya ba. Alhali kujerar Hashim lafiyarta ƙalau, har wani ɗan sanyi-sanyi take yi. Tausayi ya kama shi, kunya ta rufe shi, amma ya ja bakinsa ya tsuke, don gaskiyar ba ta da ƙofar fita.

Komawar ba a cewa komai. Malam Tambari ya ƙare istigfari ya koma salati, ya ƙare salati ya koma wata addu'a da Hashim bai taɓa ji ba sai a wurin jana'iza. Gumi na ɗiga daga gemunsa. Hashim kuwa tsoro ya sandarar da shi, ko ƙifta ido ba ya yi, ya riƙe sitiyari kamar gunki.

A ƙofar gidansa, ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, Malam Tambari ya tsaya da ƙafafu a ɗan buɗe, ya aika a kira Wasila. Ta fito da mayafi, fuska a ɗaure, ta durƙusa gefe ba ta ko kalli inda mijinta yake ba.

"Na ga ɗakin girki," in ji uban. "Mijinki ba shi da hankali, wanga ba abin gardama ba na. Kahin ruwa su sauka zai gina miki wani, ko ba haka ba?"

"Haka na, Baba," in ji Hashim da sauri.

"Amma abin da munka gani cikin motag ga, ni da shi, ba ni hwaɗi nai har in mutu. Ni da nig girma cikin rana, nit tsuhwa cikin rana, yau sai da nik kira sunan uwata a zuci. Yaron ga ko motsi bai yi ba. Ko uhum bai ce ba, don kunyata. Mutumin da ad da wanga haƙuri, ya iya zama da ke. Ɗauko kayanki."

Wasila ta ɗaga kai ta dubi mijinta da mamaki, har da ɗan alfahari. Daɗi ya kama Hashim kamar ya yi kuka, sai dai daɗin na da ɗaci, don yabon ba nasa ba ne.

Ba a jima ba ta fito da jakarta da Muhsina tana barci a kafaɗa. Ta kwantar da yarinyar a baya, ta rufe, ta nufi ƙofar gaba ta kama mariƙi. Ta gilashi Hashim ya hango 'yar fitilar nan ja tana nan tana ci.

"Maman Muhsina!" Ya sha gabanta. "Ke za ki tuƙa."

"Ni?" Ta saki baki. Ta iya tuƙi tun kafin aure, a motar yayanta ta koya, amma wannan motar ko ƙurarta bai taɓa bari ta goge ba. "Baban Muhsina, lahiya kake?"

"Lahiya lau. Motarki ta, ai ɗakinki tac ci."

Bai jira amsa ba ya faɗa kujerar baƙo. Wayyo. Ashe duk abin da ya zata kaɗan ne. Nan take idanunsa suka kawo ruwa, ya ji girman surukinsa ya ninku a zuciyarsa.

Wasila ta zagaya tana murmushi za ta shiga, sai uban ya daka mata tsawa. "Dakata!" Ɗiya ɗiya ce, ba zai tsaya yana kallo ta zauna a kan garwashi ba. Ya ture ta gefe, ya sunkuya, ya ɗora tafin hannunsa a kan kujerar direba.

Ya bar hannun a wurin. Ya matsar da shi gaba, ya matsar da shi baya, ya shafa majingina. Sannan ya ɗago a hankali ya dubi Hashim ta cikin motar. Hashim ya dubi gwiwoyinsa.

"Baba, mi ya hwaru?" in ji Wasila.

"Ba komi. Ƙura ta. Shiga."

Malam Tambari ya zagayo da sandarsa, bai yi sauri ba. Ya gyara wa surukinsa gefen rigar da ya leƙo waje, ya tura masa ƙofar a hankali har ta ce ƙyas. Sannan ya leƙa ta taga.

"Wasila, motag ga tsohuwa ta, ba ta son gaggawa. Ki bi da ita sannu-sannu. Kuma ki biya Dundaye ki gaida gwaggonki, ta daɗe ba ta gane ki ba. Shi ya jira ki cikin mota, kar injin ya mutu."

"To, Baba," in ji Wasila.

"To, Baba," in ji Hashim.