Shanun Yaya a Bakin Iyaka

Shekara uku ke nan da aka turo ta tashar killace dabbobi ta bakin iyaka, kuma kowa Likita yake ce mata. Ofishinta ɗaki ɗaya ne: tebur, firji mai gurnani inda ake ajiye jinin gwaji, sai takalman roba a bayan ƙofa. Direbobin manyan motoci kan gaishe ta da fara'a, amma da ta doshi rumfar mai abinci sai hira ta mutu. Ta san dalili. Tun da gwamnati ta fito da sabuwar doka, duk saniyar da aka shigo da ita daga waje sai ta kwana ashirin da ɗaya a killace, in kuwa aka ga cuta mai yaɗuwa a jikin ɗaya, garken gaba ɗaya zai koma inda ya fito. Ita ke buga hatimi, shi ya sa ita kaɗai take cin abincinta a bakin taga.

Wata Laraba da hantsi tana cike takardu ta ji an ce, "Auta!"

Biron ya suɓuce mata. Babban yayanta ne tsaye a bakin ƙofa, wanda ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinsu.

"Ashe har yanzu ba ki ƙara tsawo ba," ya ce yana dariya. "Gwamnati ba ta ba ku abinci ne?"

Ta rasa inda za ta sa shi don murna. Sai da ya sha ruwa ya gaya mata abin da ya kawo shi: shanun madara goma sha biyu ya sayo daga ƙetare, har ya gama gina musu garke a gida.

Ta sa takalman roba ta hau motar shanun. Takwas na farko lafiya lau. Saniya ta tara ta sunkuyar da kai, yawu na dalala daga bakinta. Likita ta buɗe bakin, ta ga ƙuraje a kan harshe, ta ɗaga kofato ta ga irinsu. Ta daɗe a tsugune kafin ta sauko.

"Yaya, akwai matsala."

Ya saurare ta har ta gama. "To ki ware wannan, ki bar min sha ɗaya."

"Kwana huɗu suna shan ruwa a mazubi ɗaya. In na bar su suka shiga, ba naka kaɗai za su kwanta ba, har na maƙwabta."

"Wa zai sani?"

"Ni."

"Doka ce ta goya ki ko ni? Hannunka ai ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, Auta."

Ta ɗebi jinin ta aika gwaji. Kwana biyun da aka yi ana jira, a cikin mota ya zauna. Ta kai masa abinci, ta dawo ta tarar da kwanon a rufe yadda ta ajiye shi. Da sakamako ya tabbatar da cutar ta buga hatimin mayar da garken. Ya karɓi takardar bai dube ta ba.

"Na gode, Likita," ya ce.

Ta tsaya a bakin shinge har motar ta juya ta ɓace.

Sati uku wayarta ba ta yi ƙara daga gida ba. Ranar da Umma ta kira, sun daɗe a kan gaisuwa da ciwon gwiwa kafin tsohuwar ta sauke murya.

"Ban ce kin yi laifi ba, 'yar nan. Amma hutun nan kada ki zo tukuna. Bari zuciyarsa ta huce."

"To, Umma."

Hutun ya zo, ta mayar da kayan da ta riga ta ninke cikin akwati. Ba ta gaya wa kowa ba. Da safe ta buɗe ofis kamar kullum, ta wanke shingen da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ta zauna jiran mota ta gaba.